Tukunya biyu a murhu ɗaya: gajiyar girki a gidan da likita ya ce a rage sitaci

 

Idan likita ya auna jinin magidanci ya tarar suga ya hau, umarnin da ke biyo baya kusan kowa ya haddace shi: a rage tuwo da shinkafa, a yi sallama da burodi da lemon kwalba, a yawaita ganye da kifi da ƙwai. Maigida yakan fito daga asibiti da takarda a aljihu da kyakkyawar niyya a zuci. Sai dai wadda za ta mayar da wannan takarda abinci, safe da rana da dare, kwana bakwai a mako, galibi ba ta shiga ɗakin likitan ba, ba a kuma tambaye ta ko za ta iya ba. Labari kawai za ta ji cewa daga yau tukunya ta zama biyu.

Makon farko akan yi abin da marmari. A mako na uku sai a fara jin "yau dai a yi haƙuri", kafin wata biyu kuma malmalar tuwo ta dawo mazauninta kamar ba ta taɓa tashi ba. Mutane sukan ɗora laifin a kan kwaɗayin mara lafiya, kuma kwaɗayi yana da nasa kason. Amma a iya abin da muke gani a gidajen jama'armu, da ire-iren ƙorafin da ma'aurata ke kawowa wajen sulhu, abin da ya fi rusa wannan tsari shi ne gajiyar mai girki. Gajiya ce da ba a cika ambatonta ba, domin mai ita tana jin kunyar a ce ta gaji da hidimar mara lafiya. Shi ya sa muka ga ya dace a yi maganarta a fili, tunda a cikinta akwai lafiyar wani, akwai kuma haƙƙin wata.

Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da doya da rogo da dankali, duk sitaci ne ya fi yawa a cikinsu. Shi kuwa sitaci idan ya shiga ciki narkewa yake yi ya koma suga ya bi jini. Jikin mai lafiya yana da sinadarin insulin da ke kwashe sugan ya kai shi inda ake bukatarsa. Mai ciwon suga nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa a cikin manya, jikinsa ya daina amsa kiran insulin yadda ya kamata, sai sugan ya taru a jini yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa a hankali. Rage abin da ke shiga, sai abin da ke taruwa ya ragu. Dabarar ke nan gaba ɗayanta, kuma tsohuwa ce. A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a birnin Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi a kan yadda ya rage ƙiba ta hanyar barin burodi da suga da dankali. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, takura abinci ita ce kusan dukkan abin da likitoci ke da shi. A 2019 kuma Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta fitar da rahoton masana da ya nuna cewa rage jimillar sitaci da suga a abinci shi ne ya fi samun hujjoji wajen daidaita sugan jini.

Masana sukan kira tsari mai ƙarancin sitaci idan abin da mutum ke ci na sitaci da suga bai kai giram 130 a rana ba, mai tsananin cikinsa kuwa, wanda ake ce wa keto, ƙasa da giram 50. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa yana ɗauke da kimanin giram 45, lemon kwalba mai zaƙi guda ɗaya ya haura giram 30, ƙwai ɗaya kuwa bai kai giram 1 ba. Wa a cikinmu ya taɓa tashi daga gaban faranti a kan kofi ɗaya na shinkafa?

Inda gajiyar take fitowa

Girkinmu na gado a kan hatsi aka gina shi, kuma da hikima aka gina shi. Tukunyar tuwo ɗaya tana ciyar da mutum goma sha biyar, wahalar tuƙa wa mutum biyar da ta goma ba su da nisa da juna, gari yana ajiye a buhu ba ya lalacewa da wuri, abin da ya kwana kuma a ɗumama shi da safe. Ganye ba haka yake ba. Kwaɗon zogalen da mutum ɗaya zai ci ya ƙoshi sai an tsinke, an wanke, an dafa, an tsane, an daka ƙuli-ƙuli, an yanka albasa da tumatir. Alayyahu cike da kwando da ya sha wuta sai ya koma ɗan dunƙule a gindin tukunya. Ba ya kwana biyu bai yi yaushi ba, don haka cefane ya koma na kullum. Ga tsadar kifi da ƙwai da nama, ga gawayi ko gas da za a ƙona sau biyu, ga wanke-wanke da ya ƙaru. Bayan duk wannan, mara lafiyar da cikinsa ya saba da nauyin tuwo yakan ji yunwa bayan awa biyu, ya sake kira.

A kan gajiyar jiki akwai ta tunani, wadda mai yiwuwa ta fi nauyi. Tuwo da miya ba su bukatar shawara, hannu ya san hanyarsa. Amma yanzu kowace safiya da tambayarta take zuwa: me za a dafa masa, wannan an hana ko an yarda, jiya ma shi ya ci, ko zai karɓa? Ranar da aka auna aka ga suga ya hau kuma, ita ake juyowa a kalla, ko da kuwa a majalisa ko a wurin ɗaurin aure ya sha abin da ya sha.

Shin wajibinta ne?

Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan hidimar mace a gidan mijinta. Mashahurin zance a wajen Shafi'iyya da Hanbaliyya shi ne ba ta wajaba a kanta ba, kyautatawa ce da al'ada ta gudana a kai. Hanafiyya suna ganin ta hau kanta tsakaninta da Allah, amma alƙali ba zai tilasta ta ba. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun rinjayar da cewa ta wajaba gwargwadon abin da aka saba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, Risalar Ibnu Abi Zaid ta ɗora wa miji mai wadata samar wa matarsa mai hidima, Mukhtasar na Shaihu Khalil kuma ya yi tafsili: macen da irinta ake yi wa hidima, mijinta kuma yana da hali, a samo mata, in ba haka ba, ayyukan cikin gida irin su kwaɓa gari da shara da shimfiɗa suna kanta. Masu sharhi kamar Dardiri da Dasuƙi suka ƙara da cewa girkin da ke kanta na mijinta ne, ban da na baƙinsa da na iyayensa.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta, domin a gidaje da yawa mai ciwon sugan ba mijin ba ne, mahaifinsa ne ko mahaifiyarsa. Matar ɗa ce ke tashi da asuba ta haɗa wa Baba ko Hajiya abincinsu na daban. Lada mai girma take samu, amma alheri take yi, kuma wanda biyayyar iyayen nan ta hau kansa shi ne ɗansu. Wanda ake sauke masa nauyi kuwa godiya ce ta kama shi, sannan ya nemi hanyar rage wa mai sauke masa. Ko a wajen malaman da suka wajabta hidimar, ma'auninta shi ne abin da aka saba kuma za a iya. Tukunya ta biyu, sau uku a rana har iya rayuwa, ƙari ne a kan abin da aka saba, ba a ɗora shi da umarni kawai.

Wasu mazan sukan kawo ƙissar Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, don su rufe bakin mai ƙorafi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ta koka da abin da dutsen niƙa ya yi wa hannunta, ta nemi mai hidima, sai Annabi (SAW) ya zo musu bayan sun kwanta ya koya musu tasbihi 33, tahmidi 33 da kabbara 34 a lokacin barci, ya nuna musu hakan ya fi mai hidima alheri. Zikiri ne da muke kwaɗaitar da kowace mai girki ta riƙe shi. Amma a karanta ƙissar duka. Bai tsawata mata don ta ce ta gaji ba, da ƙafarsa ya taka har gidanta saboda kukan nata. A ruwayar Imamu Ahmad, Sayyidina Ali shi ma ya ambaci ɗiban ruwan da ya yi har ƙirjinsa ya yi ciwo, wato su biyu suke ɗauke da gidan, an kuma bayyana cewa yunwar mutanen Suffa ce ta sa aka fifita su. Sannan wanda ya koyar da zikirin shi ne wanda Nana A'isha ta ba da labari, a Buhari, cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har sai lokacin salla ya yi ya fita. Wanda ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu bai yi wa ƙissar adalci ba.

A rage kunna wuta

Nana A'isha ta gaya wa ɗan 'yar'uwarta Urwatu cewa sukan ga jinjirin wata har uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi (SAW) ba, dabino da ruwa ke riƙe da su, sai madarar da maƙwabta daga Ansar ke aikowa. Wannan halin rashi ne da gudun duniya, ba tsarin abincin mara lafiya ba ne. Abin da muke ɗauka a ciki shi ne cewa abinci mai zafi sau uku a rana al'ada ce, addini bai shar'anta shi ba, kuma gidan da ya rage shi bai tauye kowa ba.

Mataki mafi amfani shi ne a sauke tukunya ta biyun nan. Yawancin miyoyinmu, kuka da kuɓewa da yakuwa da zogale da alayyahu da agushi, dama can ba su da sitaci mai yawa. Malmalar da ke gefensu ce matsalar. To a yi miya ɗaya ga kowa, a yawaita mata ganye ta yi kauri, a zuba wa mara lafiya ita da yawa tare da kifi ko nama, a sa masa 'yar ƙaramar malmala ko a bari, gwargwadon abin da likitansa ya ce. Masana abinci suna da ma'auni mai sauƙi: rabin faranti ganye, rubu'i nama ko kifi ko ƙwai, rubu'i sitaci. Idan gida duka ya karkata zuwa wannan ma'auni ko da kaɗan ne, mai girki ta huta, mara lafiya ya daina jin an ware shi, 'ya'ya ma sun amfana, domin ciwon suga nau'i na biyu yana bin dangi.

Akwai wata tukunyar da wahalarta ta fi amfaninta. Gidaje da yawa sun ɗauka tuwon acha ko na alkama ba shi da sitaci. Acha hatsi ce, alkama hatsi ce, sitacin da ke cikinsu bai yi nisa da na shinkafa ba. Suna iya bambanta a yawan dusa da saurin tayar da suga, amma yawan abin da aka ci shi ne alƙali. Sai ka ga baiwar Allah ta ɓata awa guda tana rege yashin acha, maigida ya zauna ya tashi da malmala uku yana ganin magani ya sha. Ita ta gaji, shi bai tsira ba.

Sai girkin tari. A ware rana ɗaya ko biyu a mako, a markaɗa kayan miya a soya su sosai, a dafa nama, a gasa kifi, a dafa ƙwai da yawa, a kasa su kwano-kwano. Dafaffen abinci yana yin kwana 3 zuwa 4 a firji mai aiki, dafaffen ƙwai da ɓawonsa mako guda. Amma mun san halin wutar lantarkinmu. Firjin da aka ɗauke wa wuta kimanin awa 4 yake riƙe sanyi idan ba a buɗe shi ba, dafaffen abinci kuma bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye a fili ba, a zafin bazara ma awa 1. Wanda ba shi da tabbacin sanyi ya koma ga abin da kakanninmu suka sani tun kafin firji ya zo: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, kauɗa, zogalen da aka shanya a inuwa, daddawa, kifi banda, dambun nama, gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mai waɗannan a ɗaki, miya ba ta ɗaukar ta rabin awa.

A kuma yarda cewa wani abincin ba sai an dafa ba. Gurji, kokwamba, yalo, kabeji da tumatir da ɗan garin ƙuli, kindirmo ba suga, fiya, 'yar gyaɗa: wannan kalaci ne cikakke, ba cin fuska ba ne. Sayen na waje ma ba abin kunya ba ne. Awarar maƙwabciya da waken suya ake yin ta, sitacinta kaɗan ne ƙwarai. Balangu da tsire haka. Mai shayi zai soya ƙwai ba tare da burodi ba in an ce masa. A dai lura da gishiri da dunƙule, saboda hawan jini yakan yi tafiya tare da ciwon suga, a kuma tambayi mai kilishi da mai ƙuli-ƙuli ko sun sa suga. Wake yana tsaka-tsaki: dafaffensa yana da kimanin giram 20 a cikin kowane giram 100, amma a hankali yake narkewa, don haka alala da ƙosai daidai misali sun fi masa da fanke nesa ba kusa ba.

Gajiyar tunani kuwa maganinta maimaici ne. A zauna sau ɗaya a zaɓi abinci biyar ko shida da mara lafiya ke karɓa, aljihu kuma ke iya ɗauka, a rubuta a manna a bangon kicin, a yi ta juya su. Mun shekara arba'in muna cin tuwo kowane dare ba mu ce ya ishe mu ba. Wannan takarda ta fi zama dole a gidan da ake karɓa-karɓar girki, domin idan uwargida ta bi tsari amarya ta nuna bajinta da shinkafa da soyayyen dankali, jinin maigida ne filin gasar.

Mu maza kuma da namu kason. Wanda ya iya babbake kai da gasa haƙarƙari ranar Babbar Salla ba zai ce bai iya juya kifi a kan gawayi ba. Da yawanmu mun yi wa kanmu girki a makarantar kwana ko a ƙasar karatu, aure ne ya mantar da mu. Dafa ƙwan safe, haɗa shayi ba suga, tsayawa a sayo ganye a hanyar dawowa daga masallaci, zama a taya tsinkar zogale ana hira bayan Isha'i, sa samarin gida wanke-wanke kamar yadda ake sa 'yan mata: ba ɗaya a cikinsu da ke rage girma. Mai hali kuma ya ɗauki 'yar aiki ko ya sayi injin markaɗe da tukunyar da ke dafa wake da nama da sauri. Kuɗin nan cikin kuɗin magani yake.

Idan ita ce ba ta da lafiya

Duk abin da ya gabata ya fi sauƙi idan maigida ne mara lafiyar, domin shi akwai mai yi masa. Idan matar ce likita ya ce ta rage sitaci, ita za ta tuƙa wa gida tuwo, ta raba, ta sallami kowa, sannan a ce ta koma murhu ta dafa nata. Mafi yawan lokuta ba ta komawa. Ko ta ci ragowar tuwon da ƙanzonsa, ko ta kwana da yunwa. Ga kuma kunyar da ke hana ta ɗaukar ƙwai biyu ko yankan kifi ita kaɗai yara suna kallo. Ciyarwar da ta wajaba a kan miji ita ce wadda za ta wadatar da matarsa, kuma abincin da likita ya ce yana cutar da ita bai wadatar da ita ba. Shi ne zai faɗa da bakinsa a gaban 'ya'ya cewa wannan na mahaifiyarku ne, kada wanda ya taɓa.

Kwana da yunwar nan ba ƙaramin haɗari ba ne. Mai yin allurar insulin ko shan irin ƙwayar glibenclamide, idan ya rage sitaci ko ya tsallake abinci alhali maganin yana nan yadda yake, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo. Alamominsa rawar jiki, gumi, bugun zuciya da ruɗewa, yana kuma iya kai wa ga suma. Maganin gaggawa shi ne abu mai zaƙi nan take, kamar cokali ɗaya babba na suga a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Don haka ba a fara wannan tsari sai likita ya san da shi ya daidaita magani, musamman ga mai juna biyu da mai ciwon ƙoda. Kuma a kowane gida a tanadi abincin ranar gajiya, wanda za a miƙa hannu a ɗauka ba tare da an hura wuta ba.

A nan ne ya kamata mu ja hankali a kan zuma da dabino, domin akan cike gurbin girki da su da sunan sunna. Falalarsu tabbatacciya ce, ba mai jayayya. Amma cokali ɗaya babba na zuma yana da kimanin giram 17 na suga, busasshen dabino kuma fiye da rabin nauyinsa suga ne. Kasancewar abu mai albarka bai ɗauke masa ɗabi'ar da Allah Ya halicce shi da ita ba. Mai ciwon suga ya ƙirga su cikin lissafinsa, ya tambayi likitansa adadin da zai iya.

A 2021 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama a kan masu ciwon suga nau'i na biyu. An ga masu rage sitaci sun fi samun sauƙi a wata 6 na farko, amma zuwa wata 12 yawancin fifikon ya ragu. Ɗorewa ce ke da wuya, can ma inda wuta ba ta ɗaukewa. Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma muna ganin ma'anar ta shafi wannan babi. Rage malmala daga uku zuwa ɗaya da barin lemon kwalba, a riƙe haka shekara goma, ya fi tsarin keto mai tsanani da zai karya mai girki cikin wata guda.

Ranar komawa asibiti ta gaba, a tafi da mai girkin. Manyan asibitocinmu na koyarwa suna da sashen masana abinci, kuma likita zai iya tura mutum can in ya nema. Ita ta san girman marar da take kwasar tuwo da ita, ta san abin da kuɗin cefane ke iya saya, ta san awa nawa wuta ke zama a unguwa. A bar ta ta yi tambayoyinta da bakinta, a kuma gaya wa likita gaskiyar sau nawa za a iya ɗora tukunya a rana, ya tsara abincin a kan haka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.